Wanda Ya Mutu Kafin Ya Kai Bakin Ruwa: Tarihin Koyarwar Katolika a Kan Ceto Ba Tare da Baftisma Ba

A watan Mayu na shekara ta 392 aka iske gawar Balantiniyan na Biyu, sarkin yammacin daular Roma, a rataye a gidansa a garin Vienne, cikin ƙasar da muke kira Faransa a yau. Bai wuce shekara 21 ba. Har yanzu masana tarihi suna gardama ko shi ya kashe kansa, ko kuwa babban hafsansa Arbogast ne ya sa aka kashe shi. Abin da ba a gardama a kai shi ne, saurayin ya mutu ba a yi masa baftisma ba. Ya riga ya aika wa Ambros, bishop na Milan, cewa ya zo ya yi masa, Ambros kuwa yana kan hanya labarin mutuwar ya tarye shi.

Aka kawo gawar Milan. 'Yan'uwansa mata biyu suna makoki, kuma abin da ya fi ƙona musu rai shi ne rashin baftismar nan. Ambros ne zai yi wa'azin jana'iza. Bai kauce wa maganar ba. Ya tambaye su, me ke hannun ɗan Adam in ban da niyya da roƙo? Ɗan'uwansu ya yi niyya, ya kuma roƙa. Idan shahidan da aka kashe kafin a yi musu baftisma jininsu ya wanke su, to, shi ma wannan saurayi tsoron Allah da marmarinsa sun wanke shi. Ambros kansa ya san matsayin mai jira, gama sa'ad da jama'ar Milan suka zaɓe shi bishop a shekara ta 374, shi ma ba a yi masa baftisma ba tukuna.

Duk wanda ya daɗe a aikin kiwon ikkilisiya ya taɓa tsayawa inda Ambros ya tsaya. Mace ta shekara a ajin baftisma, saura sati biyu, sai haihuwa ta zo da gardama. Dattijo ya yi shekara ashirin yana zama a bencin baya, an hana shi baftisma domin matansa biyu ne, sai ga shi a likkafani. Ban da wannan, membobinmu suna zaune da 'yan Katolika ƙofa da ƙofa, suna kawo mana maganganu iri biyu da suke ji. Wasu su ce Katolika sun koyar duk wanda ba a yi masa baftisma ba ya hallaka. Wasu su ce a'a, yanzu Katolika sun ce kowa zai shiga, ko da wane addini. Dukansu biyu ba su faɗi abin da Ikkilisiyar Katolika take koyarwa ba, kuma ba za mu gane dalili ba sai mun bi tarihin daga tushe. Za mu ga cewa kusan duk lokacin da koyarwar ta motsa, mutuwar wani ce ta tilasta a sāke duba ta.

Ruwa da jini a Kartaj

Tun farko, iyayen ikkilisiya sun karanta Yahaya 3:5 a kan baftisma ce, wato haihuwa ta ruwa da Ruhu wadda in babu ita ba shiga Mulkin Allah. Suka haɗa ta da Markus 16:16. A ɗaya gefen kuma ga 1 Timoti 2:4, inda aka nuna nufin Allah ne dukan mutane su sami ceto, ga ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23, ga kuma Karniliyus da mutanen gidansa a Ayyukan Manzanni 10, waɗanda Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu tun ba a kawo ruwa ba. Tarihin da za mu bi, ƙoƙari ne na riƙe waɗannan ayoyi duka a hannu ɗaya.

Tsanani ne ya fara tā da tambayar. A ƙarni na uku, mai neman baftisma yakan yi har shekara uku yana koyo, hukuma kuwa ba ta tambayar ko ka gama aji kafin ta kama ka. Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya rubuta littafi a kan baftisma wajen shekara ta 200, a ciki ya ce akwai wanka na biyu, wato na jini, wanda ke tsayawa a madadin na ruwa idan ba a samu ba. Ba wani babban malami da ya yi jayayya da wannan. Har wa yau Katolika suna bikin tunawa da jariran Baitalami da Hirudus ya karkashe, ranar 28 ga Disamba, a matsayin shahidai.

Daga Kartaj ɗin nan kuma maganar da ta fi kowace shahara ta fito, cewa babu ceto a wajen ikkilisiya. Bishop Sifiriyan ne ya rubuta ta a wata wasiƙa a shekara ta 256. Ya kamata mu lura da waɗanda yake magana a kansu. Gardamarsa da Istifanus, bishop na Roma, a kan Kirista ne da suka ɓalle suka kafa nasu taro: ko baftismarsu ta karɓu, ko sai an sāke. Sifiriyan yana gargaɗin mutanen da suka san ikkilisiya suka juya mata baya. Hankalinsa ba ya kan mutumin da bai taɓa jin sunan Yesu ba. A cikin wannan wasiƙa ɗaya ya tabbatar cewa mai neman baftisma da aka kashe saboda Almasihu an yi masa baftisma da jininsa. Shekara biyu bayan haka aka sare kan Sifiriyan kansa.

Agustin, wanda Ambros ya yi wa baftisma a Ista ta shekara ta 387, ya bi malaminsa da farko. Wajen shekara ta 400 ya rubuta cewa bangaskiya da juyowar zuciya suna iya cike gurbin baftisma idan ƙurewar lokaci ce ta hana, ba reni ba, ya kuma kafa hujja da ɓarawon gicciye. Amma da ya tsufa yana bitar littattafansa, sai ya ja da baya a kan misalin, ya ce ai ba mu da tabbacin ba a taɓa yi wa ɓarawon baftisma ba. Mutum ya kai ga tunanin ko an yi wa ɗan fashi baftisma a ɓoye, wannan ya nuna yadda Yahaya 3:5 ta yi masa nauyi a ƙarshen rayuwarsa.

Jarirai

Abin da ya ƙara wa Agustin tsanani shi ne rikicinsa da Filajiyus da mabiyansa, daga wajen shekara ta 411. Su sun ce jariri ba ya gādon laifin Adamu. Agustin ya amsa da abin da kowa ke gani da ido: don me iyaye mata suke gudu da jariransu marasa lafiya zuwa ikkilisiya a yi musu baftisma don gafarar zunubi, idan babu zunubin da za a gafarta? Hujja ce mai ƙarfi, amma ta ja shi zuwa inda ba ya so. Jariri ba shi da niyya irin ta Balantiniyan, ba shi da jinin shahada. Saboda haka Agustin ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma yana cikin hukunci, ko da yake hukuncinsa ya fi na kowa sauƙi. Majalisar Kartaj ta shekara ta 418 ta ƙi ra'ayin cewa akwai wani wurin jin daɗi na tsaka-tsaki domin irin waɗannan yara. A gabas ba a kai nan ba. Giregori na Naziyanzus ya koyar cewa ba za a ɗaukaka su ba, ba kuma za a hukunta su ba.

Malaman yamma sun riƙe tushen Agustin, amma zuciyarsu ta kāsa ɗaukar ƙarshensa. A ƙarni na 12 Bitrus Abelard da Bitrus Lombard suka ce abin da yaran suka rasa shi ne ganin fuskar Allah kawai, babu wuta. A shekara ta 1201 Paparoma Innosent na Uku ya rubuta cewa sakamakon zunubin asali shi ne rashin ganin Allah, azabar wuta kuwa ta zunubin da mutum ya aikata da kansa ce. Daga nan aka sami sunan limbo, daga kalmar Latin mai ma'anar gefe ko bakin zane. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ƙara da cewa yaran suna cikin farin ciki daidai da halittarsu, ba su ma san abin da suka rasa ba. Babu majalisar da ta taɓa mai da limbo dokar bangaskiya, amma an koyar da shi a makarantu ɗaruruwan shekaru, har talaka bai san bambancin ba.

A nan ne ya kamata mai hidima ya dakata, domin koyarwa tana da jiki. An horar da ungozomai su yi baftisma da gaggawa idan sun ga jariri ba zai yi rai ba. A ƙasar Ailan akwai ɗaruruwan ƙananan maƙabartu a bayan gari, a bakin gona ko a kufan tsohon masujada, inda ubanni suke kai jariran da ba a yi wa baftisma ba, sau da yawa da dare, ba addu'ar limami. A Oberbüren, kusa da Bern a ƙasar Suwizalan, iyaye sukan yi tafiyar kwanaki da gawar jariri a ƙarshen ƙarni na 15. A can a ɗumama gawar a kan garwashi, a ɗora gashin tsuntsu a leɓenta, idan zafi ya motsa gashin sai a ce yaron ya numfasa, a yi masa baftisma nan take. Bishop na yankin ya yi ƙoƙarin hana abin, mutane ba su daina zuwa ba. Kada mu yi musu dariya. Uwar da aka gaya mata ɗanta ba zai ga Allah ba har abada za ta yi abin da ya fi wannan. Kada kuma mu ɗora wa Katolika kaɗai, gama littafin addu'a na Angilikan na 1662 ya hana a karanta hidimar jana'iza a kan wanda ya mutu ba baftisma, kuma Shaidar Bangaskiya ta Augsburg ta Lutaran, ta 1530, ta ce baftisma wajibi ce don ceto.

Duniya ta fi yadda aka zata girma

Game da manya, Akwinas ne ya tsara abin da Katolika suke riƙe da shi har yau: baftismar ruwa, baftismar jini, da baftismar Ruhu, wadda aka fi sani da baftismar niyya. Ya ce ikon Allah ba a ɗaure yake da sakramenti da ake gani ba. Tun kafin shi, a 1206, an kawo wa Innosent na Uku labarin wani Bayahude da ya ga mutuwa ta matso, babu Kirista kusa, sai ya tsoma kansa a ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Paparoman ya yanke cewa baftismar ba ta yi ba, domin mutum ba ya yi wa kansa, amma da ya mutu a lokacin, da ya wuce gida wurin Allah saboda bangaskiyarsa.

Sai dai a wurin Akwinas dole ne mutum ya gaskata da Almasihu a fili. Da aka tambaye shi labarin yaron da ya girma a daji cikin namomin jeji, sai ya ce idan ya bi hasken da yake da shi, Allah zai bayyana masa a zuciya, ko ya aiko masa mai wa'azi kamar yadda ya aiki Bitrus wurin Karniliyus. Misalin kansa ya tona abin da mutanen zamanin suke zato. A ganinsu bishara ta riga ta game duniya, wanda bai ji ba sai ɗaya-ɗaya a ƙurmin daji. Bayahude ko Musulmi da bai gaskata ba, sun ɗauka ya ji ne ya ƙi da gangan.

Da wannan zato za mu karanta magana mafi kaifi a dukan tarihin nan. A shekara ta 1442 Majalisar Filorens ta rubuta wata takarda domin haɗuwa da Kibɗawan Masar, akwai kuma wakilan Habasha a wurin. Ta ɗauko kalmomin Fuljentiyus, wani bishop na Arewacin Afirka almajirin koyarwar Agustin, ta ce arna da Yahudawa da masu karkatacciyar koyarwa da masu ɓallewa duk wuta za su, in ba su shiga Ikkilisiyar Katolika kafin mutuwa ba, ko da mutum ya zub da jininsa saboda sunan Almasihu. Takardar ta kuma gargaɗe su kada su jinkirta baftismar jariri har kwana 40 ko 80, al'adar da Ikkilisiyar Habasha take bi har yanzu, kwana 40 ga namiji, 80 ga mace.

Shekara 50 daidai bayan Filorens, Kolombus ya isa ƙasashen da ake kira Amurka yanzu. Yaron daji na Akwinas ya zama miliyoyin mutane, da biranensu da sarakunansu, waɗanda suka yi ƙarni goma sha biyar ba wanda ya kai musu labari. A jami'ar Salamanka ta Sifen, Francisco de Vitoria ya koyar a 1539 cewa ba su da laifin rashin bangaskiya tun da ba su ji ba. Ya ƙara wani abu mai nauyi: ko an yi musu wa'azi, ba a ce sun ƙi ba sai an kawo musu bisharar ta hanyar da za ta gamsar, shi kuwa labarin da yake ji daga can na kisa ne da ƙwace. A 1542 wani malami, Albert Pighius, ya faɗaɗa wannan tunani har ya haɗa da Musulmin da bai san gaskiyar bishara ba, ba da laifinsa ba.

A filin aiki kuwa abin bai zo da sauƙi ba. Faransis Zabiya, wanda ya kai bishara Japan a 1549, ya rubuta a farkon 1552 cewa sababbin masu bi na Yamaguchi suna kuka saboda kakanninsu, suna tambaya ko akwai wata addu'a ko sadaka da za ta fisshe su daga wuta. Ya ce musu babu, shi ma kuma abin ya taɓa shi. Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce iyayenmu suka yi wa masu bishara na farko, ita ce kuma wanda ya tuba daga gidan da ba Kirista ba yake kawowa ofishin fasto idan mahaifiyarsa ta rasu.

Majalisar Tirent ta yi magana a 1547, da ido ɗaya a kan masu gyaran ikkilisiya. Ta la'anci duk wanda ya ce baftisma ganin dama ce. Amma a dokarta a kan barata ta ce ba a ƙetarewa daga halin Adamu zuwa halin alheri sai ta wankan sabuwar haihuwa, ko marmarinsa. Kalmomin nan na ƙarshe su ne wa'azin Ambros ya shiga dokar ikkilisiya, bayan shekara fiye da 1,100. Tirent ba ta fayyace ko marmarin nan dole ne ya zama na wanda ya san baftisma da sunanta ba. A wannan ƙofa da aka bari a buɗe malamai suka yi ta shiga.

Paparoma na farko da ya faɗi abin a fili shi ne Piyus na Tara, wanda ba wanda zai zarge shi da sassauci. A 1854 ya fara magana a kai, a 1863 kuma ya ce waɗanda ba su san addinin gaskiya ba, rashin sanin da ba su da ikon kawar da shi, idan suna kiyaye shari'ar da Allah ya rubuta a zukata, suna iya samun rai madawwami ta ikon haske da alherin Allah. Ya kuma hana kowa ya auna iyakar wannan rashin sani. Amma a mulkin wannan Paparoma ne, a 1858, 'yan sanda suka ɗauke Edgardo Mortara, yaro Bayahude ɗan shekara shida, daga hannun iyayensa a Bologna, domin wata 'yar aikin gida ta ce ta yi masa baftisma a ɓoye sa'ad da yake jinya yana jariri. Duniya ta yi ca, Piyus bai mayar da yaron ba. Yarinyar ta yi abin da aka koya mata ne, don tsoron kada yaron ya mutu ya rasa sama.

Limamin da aka fitar

A shekarun 1940, a wata cibiyar ɗalibai kusa da jami'ar Harvard a Amurka, wani limamin ƙungiyar Jesuit mai suna Leonard Feeney ya fara koyar da maganar Filorens yadda take a rubuce: wanda ba ɗan Katolika ba ne a zahiri, ya hallaka. Mai baki ne, matasa kuma suka bi shi. Ranar 8 ga Agusta 1949 ofishin kula da koyarwa na Roma ya aika wa Akbishop Richard Cushing na Boston wasiƙa. Wasiƙar ta ce gaskiya ne babu ceto a wajen ikkilisiya, amma ikkilisiya ce ke da ikon fassara maganar. Ba kullum ake bukatar mutum ya zama memba a zahiri ba. Ya isa a haɗa shi da ita ta marmari, marmarin kuma yana iya zama a ɓoye cikin niyyar mutum ta bin nufin Allah, muddin akwai bangaskiya da ƙauna da Allah ya zuba. Aka kira Feeney Roma, ya ƙi zuwa, sai aka yanke shi daga tarayya a watan Fabrairu 1953. A takarda laifinsa rashin biyayya ne. Duk da haka abin ya zama abin faɗa: mutumin da ya nace babu ceto a waje, shi ne ya wayi gari a waje. An karɓe shi a 1972, ya rasu a 1978.

Majalisar Batikan ta Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ta ɗora a kan wannan. Takardarta a kan ikkilisiya, Lumen Gentium, ta fito ranar 21 ga Nuwamba 1964, kuma sashe na 14 zuwa na 16 ne ya kamata mai hidima ya sani. Sashe na 14 ya ce bangaskiya da baftisma wajibi ne, wanda kuma ya san Allah ne ya kafa Ikkilisiyar Katolika don ceto, ya ƙi shiga ko ya ƙi zama, ba zai tsira ba. Ya ce masu neman baftisma niyyarsu ta riga ta haɗa su da ita. Ya kuma gargaɗi 'yan gida cewa wanda yake ciki da jiki, ba da zuciya ba, shi ma bai tsira ba. Sashe na 16 ya ambaci Yahudawa, sa'an nan Musulmi, waɗanda ya ce suna shaida riƙon bangaskiyar Ibrahim, suna kuma yi wa Allah ɗaya mai jinƙai sujada. Ya ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana neman Allah da zuciya ɗaya, yana bin lamirinsa da taimakon alheri, zai iya samun ceto. Masu cewa Katolika sun buɗe wa kowa ƙofa sukan tsaya a nan. Sashen kuwa ya ci gaba da cewa sau da yawa Mugun yana ruɗin mutane su musanya gaskiya da ƙarya, saboda haka aikin bishara dole ne. A zama na ƙarshe na majalisar akwai wani sabon bishop ɗan Nijeriya mai shekara 32, Francis Arinze, wanda aka yi wa baftisma yana ɗan shekara tara, iyayensa kuwa a lokacin suna bin addinin gargajiya. Daga baya shi ya shugabanci ofishin Batikan na hulɗa da sauran addinai, daga 1984 zuwa 2002.

To, koyarwar ta canza ne? Malaman Katolika sukan ce girma ta yi, kamar itace daga iri. A ganinmu akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Tushen bai motsa ba: Almasihu kaɗai ne Mai Ceto, duk wanda ya tsira ta wurinsa ya tsira, kuma takardar Dominus Iesus ta shekara ta 2000 ta sāke jaddada haka, har ta ce mabiyan sauran addinai suna cikin babban rashi idan an gwada su da masu cikakkiyar hanyar alheri. Abin da ya juya shi ne hukunci a kan wane ne mai laifi. Filorens ta ɗauka duk na waje ya sani ya ƙi. Batikan ta Biyu ta daina ɗauka haka. Amma wanda ya ajiye takardar 1442 kusa da ta 1964 ya ce magana ɗaya suke yi a kan Bayahude, ya matsa wa rubutun lamba. Muna kuma da tambayarmu ta gaskiya ga 'yan'uwanmu Katolika: marmarin da mai shi bai san yana da shi ba, yaya zai daidaita da Romawa 10, inda Bulus ya ɗaure bangaskiya da jin wa'azi? Su kuma za su mayar mana da Romawa 2:14-16, su tambaye mu abin da muke faɗa a kan kakanninmu. Yawancinmu, in za mu faɗi gaskiya, ba mu da amsar da ta fi tasu tsari.

Katekisim na Ikkilisiyar Katolika na 1992 ya taƙaita abin daga lamba 1257 zuwa 1261. Ikkilisiya ba ta san wata hanya tabbatacciya ba sai baftisma, saboda haka ba ta da izinin yin sakaci da ita. Allah ya ɗaura ceto a kan baftisma, amma shi kansa bai ɗauru ba. Ba a ambaci limbo ko sau ɗaya ba. Tun 1969 aka tsara hidimar jana'iza domin yaron da ya mutu kafin baftisma, dokar ikkilisiya ta 1983 kuma ta ce a wajen jana'iza ana lissafta mai neman baftisma cikin masu bi. A watan Afrilu 2007 hukumar malaman tauhidi ta Batikan ta fitar da nazari a kan jarirai, da amincewar Paparoma Benedik na 16. Jaridu suka buga cewa an rufe limbo. Abin da takardar ta ce bai kai haka ba. Ta ce akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya cewa yaran suna wurin Allah, ta kuma ce sa zuciya ce, ba tabbataccen sani ba, don haka iyaye kada su jinkirta baftisma. Limamin Katolika a bakin kabarin jariri yau yana miƙa shi ga jinƙan Allah, ba ya yanke hukunci ko ta wane gefe.

Wata ɗaya kafin a fitar da Lumen Gentium, ranar 18 ga Oktoba 1964, bishop-bishop na majalisar suka taru a majami'ar Bitrus a Roma, Paparoma Bulus na Shida ya sa shahidan Uganda 22 cikin jerin tsarkaka. Yawancinsu samari ne masu hidima a fādar Kabaka Mwanga. A daren da suka gane za a kama su, a ƙarshen Mayu 1886, shugabansu Charles Lwanga ya yi wa waɗanda suke ajin koyo baftisma da hannunsa, har da ƙaraminsu Kizito. Wani saurayi mai suna Mukasa Kiriwawanvu bai samu ba, domin yana tsare a kurkuku saboda faɗa da abokin aikinsa. Daga kurkuku aka fito da shi aka haɗa shi da sauran, aka ƙone su a Namugongo ranar 3 ga Yuni. Babu shaidar cewa ruwan baftisma ya taɓa kansa. Sunansa yana cikin 22 ɗin da ake karantawa kowace shekara a ranar.